Dattin Mai a Injin Motar Baba

Maraɗi, unguwar Zariya
Farkon watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Tanimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na can Jado. Yaya zafi, yaya fama da manyan motoci? Mu nan zafin ya kai inda ya kai, ruwan randa ma da ɗuminsa muke sha. Tunda ka ce rezon waya ba ya isa sansaninku, na ba Idrisa direba wannan, ya yi mini alkawarin zai miƙa maka hannu da hannu.

Baba da sauƙi. Hannun daman dai bai dawo ba tun faɗuwar bara, amma ƙafar ta fara ɗaukarsa daga ɗaki zuwa zaure in an tallafe shi. Magana tana fita a hankali, sai wanda ya saba yake ganewa. Litinin da Alhamis in na tashi daga koyarwa a lakwal nakan je Tibiri in ɗauko shi zuwa wurin masu motsa masa jiki, in mayar da shi kafin magariba. Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina shan shayi a kan yunwa. Maigidana Hafizu kullum yana garka a Jiratawa, albasa ta yi kyau bana. Ƴarmu Nafisa ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a gidan.

Abin da ya sa na rubuto, maganar motar Baba ce. Kwanakin nan in na tayar da ita da safe sai in ji wata ƙara daga inji, ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, sai ta ɗan yi zafi ƙarar ta lafa. Ban damu ba. To yanzu kuma jar fitilar nan mai kama da buta ta fara ƙiftawa duk lokacin da na tsaya a mararraba. In na taka ta ɗauke, in na tsaya ta dawo. Na zaro sandar awon mai kamar yadda ka koya mini, mai a cike yake. Amma da na buɗe murfin da ake zuba mai na leƙa, Yaya, sai na ga wani baƙin abu ya manne ko'ina. Na sa yatsa, ya fito kamar daddawar da aka kwaɓa.

Ba mu taɓa barin ta ba mai ba. Duk sanda ya ragu Hafizu yakan sayo na kwalba a bakin hanya ya ƙara. Maƙwabcinmu ya ce abin ba wuya, a zuba gazuwal, man manyan motoci, cikin inji a bar shi ya yi ta aiki, zai narkar da dattin gaba ɗaya. Ni dai na ce a jira a ji daga bakinka.

Ka san in ba motar nan, ba yadda za a yi da Baba. Ba ya iya zama kan kabu-kabu, motocin haya kuma ba za su shiga lungunmu su jira a fito da shi ba. Ka rubuto da wuri.

Ƙanwarka,
Tahira

*

Jado
Tsakiyar Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Tahira,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗin labarin Baba. Ni lafiya lau, sai ciwon baya na kwanciya ƙarƙashin mota, wannan kuwa abokin sana'a ne. Ki gaida Inna, ki ce mata na ji, amma shayin nan shi ke riƙe da mu. Ki shafa mini kan Nafisa.

Yanzu ki saurara da kyau. Daga ranar da wannan ta iso, kada a sake tayar da motar nan, ko zuwa bakin titi ne.

Kin ce mai a cike yake. Cika ba ita ce magana ba. Mai yana tsufa. Zafi yana dafa shi, ƙura tana shiga, ga guntun tafiyar da kike yi, inji bai gama ɗumama ba kin kashe. In ba a juye tsohon an sa sabo da sabuwar filta ba, abin da muke cewa bidanji, sai ya yi kauri ya zama abin da kika taɓa da yatsa. Ƙara sabo a kan tsoho kamar ƙara ruwa ne a tukunyar da ba a taɓa wankewa ba. Na kwalbar bakin hanya kuma ba wanda ya san me ke ciki. A ƙasan inji akwai kwanon da mai ke taruwa, kartar, cikinsa akwai ƴar rariya da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Dattin nan ya fara toshe ta. Shi ya sa fitila ke ƙiftawa, shi ya sa kike jin ƙara da safe: man ba ya isa sama da wuri.

Maganar maƙwabcinku kada a kuskura. Gazuwal zai ɓamɓaro dattin gaya-gaya a lokaci guda, ya je ya rufe rariyar ruf, inji ya ci gaba da juyawa ba mai. Abin da za a yi shi ne a ja motar da igiya zuwa garejin abokina Maman Lawali, wanda muka koyi aiki tare. Ya cire murfin sama da kartar, a kankare da hannu, a wanke rariyar, a duba bututun da inji ke shaƙar iska ta cikinsa. A sa mai na gwangwani a rufe, da sabuwar filta. Bayan ɗan lokaci a sake juyewa, don ragowar dattin ya fita a hankali.

Gaskiya raina ya ɓaci da na karanta. Shekara guda mota na ɗaukar marar lafiya, ba wanda ya tuna da bidanji? Baba ya yi rabin rayuwarsa yana jigila da motar nan tsakanin Maraɗi da ƙauyuka, bai taɓa bari mai ya yi baƙi a cikinta ba. Amma na san nauyin da ke kanki, ga aji, ga goyo, ga jinya. Ni ma da ya kamata in tuna muku.

Kada ki faɗa wa Baba. Ki ce taya ake jira ko wani abu. Hawan jininsa ba ya son irin wannan labarin.

Ba zan samu zuwa ba sai bayan damina. Maigidanmu ya ce duk wanda ya tafi kafin lokaci kada ya dawo, kin kuma san da aikin nan ake sayen maganin Baba.

Yayanki,
Tanimu

*

Maraɗi
Watan Mayu

Yaya Tanimu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya bayan naka? Mu duk lafiya. Baba ƙalau yake, jiya ma ya cinye furarsa har ya nemi ƙari, ya zauna a zaure yana yi wa masu wucewa tsiya. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta, saboda sauran labarin ba shi da daɗi.

Takardarka ta makara. Motar Idrisa ta lalace a hanya, sai da ya yi kwanaki kafin ya iso. Mun jira, mun jira, fitila kuma ta koma kamawa ba ɗaukewa. Ranar Laraba Hafizu ya dawo daga garka ya ga na zauna na yi tagumi, gobe ranar kai Baba. Bai faɗa mini ba, ya ɗauko gazuwal ya zuba kamar yadda maƙwabci ya ce, ya bar injin ya yi aiki, ya juye, ya sa sabon mai. Abin da ya fito baƙi ƙirin, har ya kira ni in gani yana murna. Fitila ta ɗauke. Wallahi ni ma na yi murna.

Washegari na kama hanyar Tibiri. Na wuce rabi sai fitila ta kama, kafin in samu gefen da zan tsaya na ji wata ƙara mai nauyi daga ƙasa, kamar ana daka a turmin ƙarfe. Na kashe. Allah ya taimaka ban ɗauko Baba ba tukuna. Wani mai a-kori-kura ya ja ni zuwa garejin Maman Lawali. Da yamma na dawo gida na tarar da takardarka a hannun Hafizu, Idrisa ya kawo da rana. Ya karanta ta kafin ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Baba bai sani ba, na ce masa taya ce. Maman Lawali ya sauke injin daga motar. Wannan shafin ya cika, bari in ci gaba a wani.

Yanzu dai yana kwance a can, jiya aka buɗe shi ina tsaye. Abin da na gani a ciki, Yaya, ban so ka gani ba. Sun ce hanyoyin duk sun toshe, kuma ya daɗe a haka, mu ne ba mu lura ba. Abin da Hafizu ya ɗura masa shi ya ƙarasa lamarin. Za su gwada wankewa su ga abin da ya rage, amma da na tambaya ko zai sake tashi, sai aka ce mini in yi addu'a kawai, babu tabbas.

Inna ta sani. Ta ce dama tsufa ya kama shi, ya yi mana hidimar da zai yi. Hafizu ba ya iya cin abinci, yana cewa da hannunsa ya kashe shi. Don Allah in ka rubuto kada ka yi masa faɗa, da kyakkyawar niyya ya yi. Ni kaina nakan tsaya a gaban allo in manta abin da nake koyarwa. Da kana nan da ka san abin yi.

Ba na so in ɗaga maka hankali kana nesa, amma ɓoyewa ba ta da amfani.

Ƙanwarka,
Tahira

*

Agadas
Ƙarshen Mayu

Tahira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin huce. Na rubuta wannan a tasha, zan ɗauki hotonta in turo miki ta waya, don abin da nake son faɗa bakina ba zai iya ba. Ɗazu na yi miki ihu, na kashe waya a kunnenki. Ki yafe mini. Bari ki ji yadda aka yi.

Jarkar mai ta fashe a gaban motar Idrisa, ta jiƙa jakar da ya sa saƙonni. Da ya miƙo mini takardarki, shafin farko ya zama baƙi ƙirin, ya manne, ko sallama ban iya karantawa ba. Na biyun ne ya tsira. Ki ɗauko abin da kika rubuta a ranki, ki karanta shi daga inda kika ce yana kwance an buɗe shi, ki cire maganar mota daga kanki. Wa za ki ɗauka ake nufi?

Na tambayi Idrisa, ya ce shi dai ya ga Hafizu a rame, ido jajir, bai tsaya tambaya ba. Na roƙi wayar tauraron ɗan adam ta maigidanmu na kira lambarki, a kashe. Na kira ta Hafizu, ba ta shiga. Na ce da maigida mahaifina yana bakin mutuwa. Ya ce ya ji irin wannan da yawa, in na fita kada in dawo. Na ajiye masa makullan akwatin kayan aiki na hau motar farko da ta juyo kudu.

Ban san yadda zan kwatanta miki tafiyar ba. Ina bisa kaya, rana na duka, ba abin da nake gani sai Baba a kan gadon asibiti an tsaga shi. Ina ta lissafin ko zan riski jana'iza. Na yi wa Hafizu mugun zato, na ɗauka wani maganin gargajiya ya ɗura masa. Allah ya yafe mini wannan ma.

Da muka shigo Agadas rezo ya kama, na kira, kika ɗauka kina Tibiri. Na ce yaya Baba, kika ce ga shi nan yana cin mangwaro. Kika sa masa wayar a kunne, na ji ya ce, "Tanimu, kai ne?" a hankali, irin yadda yake magana yanzu. Na zauna a ƙasa a tsakiyar tasha. Da kika karɓi wayar kina tambayar me ya faru, maimakon in yi hamdala sai na hau ki da faɗa. Ba ke na yi wa ba, tsoron da na ɗauko ne ya rasa inda zai sauka.

Aiki dai ya tafi. Na yi tunanin in juya in roƙe shi, sai na ga na riga na yi rabin hanya, kuma rabon da in ga Baba tun yana asibiti. Na kira Maman Lawali, ya ce kusine ne suka cinye, wato ƙarafan nan masu santsi da sandar inji ke juyawa a kansu, ita sandar kuma ta ɗan karce amma za ta gyaru. Akwai wani mai kayan mota a nan da na sani, zan tsaya in nemo su kafin in taso.

Ki ce wa Hafizu ya ci abinci.

Tanimu

*

Tibiri

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na karanta a wayar, na sake karantawa, na yi kuka na yi dariya, Inna tana tambayata ko lafiya. Ni ce da neman yafiya. Na zauna na tuno shafin nan kalma bayan kalma, na ga ni ma abin da zan ɗauka ke nan. Ranar da ka kira, wuta ta kwana biyu ba ta zo unguwarmu ba, wayoyinmu duka sun mutu.

Maganar aikinka ce ta tsaya mini a rai. Ban san da wane ido zan kalle ka ba.

Sai ka shirya, Baba ya san komai. Da ya ji kana Agadas ya ce me ya taso ka, na rasa ƙaryar da zan yi, na faɗa masa tun daga farko. Na zaci maganar inji ce za ta ɓata masa rai. Ba ita ba ce. Ya kalle ni ya ce, "Hannuna ne ya mutu, ba kaina ba." Ya juya fuska bango. Tuwon dare bai ci ba, na safe ma Inna ta dawo da shi. Sai da Hafizu ya zo ya durƙusa a gabansa ya ce shi ne ya zuba gazuwal, Baba ya dafa kansa da hannun hagu, ya ce, "Wa bai taɓa ba?" Sannan ya karɓi kunu.

Yanzu ya kafe sai an kai shi gareji ya gani da idonsa. Na ce ya jira ka iso. Kullum da hantsi sai ya sa a ɗauko masa hula, ya zauna a zaure yana kallon bakin lungu.

Allah ya kawo ka lafiya.

Tahira

*

Maraɗi, unguwar Zariya
Watan Yuli

Zuwa ga Yaya Tanimu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa lafiya, sabon maigidan kuma ya fi na da haƙuri. Na gode wa Allah da ka samu wani wurin a can yankin Jado, ko da yake Idrisa ya ce ya fi wancan nisa, albashin kuma bai kai ba. Ka ɓoye mini wannan, amma na ji. Mu nan ruwa ya sauka sosai, Gulbi ya cika, gero ya kai gwiwa. Inna da Nafisa lafiya. Nafisa tana leƙa ƙarƙashin gado tana kiran Kawu, ta ɗauka can kake kwana tunda kullum a ƙarƙashin abu take ganinka.

Na kai motar an sake bidanji kamar yadda ka ce. Man ya fito da duhu amma ba gudaji, Maman Lawali ya yanka tsohuwar filtar ya nuna mini ɗan dattin da ta kama, ya ce haka ake so, saura ɗaya nan gaba kaɗan sai a koma yi a kan lokaci. Ƙarar safe ta ɓace. Hafizu ya sayo man da kansa, ya tsaya sai da aka fasa gwangwanin a gabansa.

Har yanzu a garejin ba su da hira sai ta Baba. Yadda aka ajiye masa kujera ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ga bargo a ƙafa cikin zafin nan, kai da Maman Lawali kuna kankare kartar yana nuna muku da sanda inda kuka bari. Maman Lawali yana kwaikwayon yadda ya mayar da kai sau biyu kan rariyar, ya ce a ɗaga ta ga rana, in bai ga haske ta kowace ƙofa ba ba a gama ba. Ya ce tun suna yara ba su ga an sa ka gumi haka ba. Ni abin da ba na mantawa shi ne ranar da aka tayar da injin. Ka ba shi makulli, ya kasa murɗawa da hagu, ka ɗora hannunka a kan nasa.

Ranar Asabar ya ce shi ba asibiti yake so ba, Jiratawa za a kai shi. Muka tafi da Inna. Hanya ta yi laka, na bi a hankali. Hafizu ya shimfiɗa masa tabarma a bakin garka, ya zauna yana kallon ruwa na bin kwalbati, tsofaffin da ya sha ɗauko wa kaya zuwa kasuwa suka yi ta zuwa gaishe shi. Wani ya kawo masa zogale, wani gyaɗa. Ya yi magana ranar fiye da duk abin da ya faɗa a wata guda. A hanyar dawowa barci ya ɗauke shi, kansa a kafaɗar Inna, ita kuma ta ƙi motsi har Tibiri don kada ya farka.

Likita ya ce jinin ya ɗan hau, an ƙara masa magani. Ban da wannan ba wani abu.

Ka kula da bayanka.

Ƙanwarka,
Tahira

*

Tibiri
Watan Agusta

Yaya Tanimu,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A wannan karon zan faɗa a layin farko, da suna, don kada wani shafi ya ɓace. Allah ya yi wa Baba, Malam Zakariya'u, rasuwa ranar Juma'a bayan la'asar.

Mun nemi lambar da ka bari, ba ta shiga. Idrisa zai tashi gobe, shi ya sa nake rubutu a gurguje.

Bai sha wahala ba. Ya yi sallar la'asar a zaune, ya ce da Inna kansa na sarawa, ta je ɗauko ruwa. Da ta dawo ya jingina da bango, numfashi na fita da ƙyar. Aka kira ni. Na iso ina niyyar mu ɗauke shi zuwa asibiti, Inna ta riƙe hannuna ta ce in zauna. Ta yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, leɓensa na motsi. Kafin magariba ya cika. An yi jana'iza da safe, mutane sun zo daga Maraɗi da Jiratawa har lungun ya kasa ɗauka. Hafizu da Maman Lawali suna cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Inna ta shiga takaba, tana da ƙarfin hali fiye da mu. Ta ce in gaya maka kada ka taso, kada ka sake rasa aiki, addu'arka za ta iso daga inda kake. Ta ce ka riga ka yi zuwan da ya fi.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Tahira

*

Jado
Satumba

Zuwa ga ƙanwata Tahira,

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Yaya haƙuri? Ki zauna kusa da Inna ki karanta mata gaisuwata, ki ce na ji maganarta, zan zo in ta fita takaba. Ki yi wa Hafizu da Maman Lawali godiya, sun tsaya a inda ya kamata in tsaya.

Idrisa bai jira na buɗe takardar ba. Ya sauko daga mota ya cire hula, na gane. Abokan aiki sun taru mun yi masa addu'a a nan, har da waɗanda ba su san sunansa ba. Ina lafiya. Nakan yi aiki, in na ji abin ya taso sai in shiga ƙarƙashin mota in daɗe.

Tun ina Maraɗi kike ba ni haƙuri kan waccan takardar da aikin da na rasa. Daga yau ki bari. Na zauna da mahaifina mako biyu, na yi masa aski, ya yi mini faɗa a gaban mutane kamar ina ɗan koyo. Ba albashin da zai saya mini wannan.

Akwai maganar da ya bar mini, ya ce kada in faɗa miki yana raye don kada kanki ya kumbura. Ranar da muka fita gwada motar ni da shi, na bi hanyar Tibiri, na faɗa wani rami da ban gani ba. Ya yi tsaki. Ya ce, "Tahira ba ta taɓa sa ni a ramin nan ba." Muka ɗan yi tafiya, sai ya ce, "Shekara guda tana ɗauke ni. Ban taɓa jin birkinta a bayana ba. Ta fi ka hannu, ta fi ni." Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce in an zo rabon gado in nemi yardar kowa, motar a hannunki za ta zauna.

Ni na yarda, na kuma san Inna za ta yarda. In na zo, ke za ki ɗauko ni a tasha, ki kai ni in ga kabarinsa.

Yayanki,
Tanimu